Kafin Ka Ce "Mu Koma WhatsApp": Jagora Ga Mai Ciniki A Kasuwar Intanet

Duk wanda ya ɗan jima yana sayar da kaya ko ƙwarewarsa ta intanet ya san wannan saƙon. An yi tayi, an kusa sallamawa, sai mai saye ya rubuto: "Malam, turo min lambarka mu ƙarasa ta WhatsApp. Kai ka huta da kamashon da suke yankar maka, ni kuma ka rage min wani abu." Wani lokacin ma mai kayan ne da kansa yake fara kawo zancen. Magana ce mai daɗin ji, domin a zahiri kowa zai ci riba, kuma wanda zai yi asara kamfani ne da ba a taɓa ganin fuskarsa ba.

Ba na raina abin da ke tura mutane ga haka. La'adar nan tana da ciwo. Fiverr, inda matasanmu da dama ke sayar da aikin fassara, zanen tambari da naɗar murya, tana ɗaukar kashi 20 cikin ɗari na kowane aiki: ka yi aikin dala 100, dala 80 ce taka, kuma sai ta kwana 14 kafin sabon mai sayarwa ya iya cire ta. A 2023 Upwork ta tsayar da nata a kashi 10, daga baya ta sake tsari. A Amurka eBay tana karɓar kimanin kashi 13 a yawancin kayayyaki, kuma a kan jimillar kuɗin take lissafi, har da na aikawa. Da Etsy ta ɗaga nata daga kashi 5 zuwa 6.5 a watan Afrilun 2022, dubban masu shaguna sun rufe na tsawon mako guda don nuna ɓacin ransu. Jumia ma tana da nata kason, wanda ya danganta da irin kayan. In ka haɗa da kuɗin cirewa, da canji, da data, da wutar da ka saya ka yi aikin, dole ran mutum ya sosu.

Amma kafin ka yanke shawara, fara sanin irin kasuwar da kake ciki, don ba duka suka zama ɗaya ba. Akwai wadda allon talla ce kawai. Jiji, wadda ta fara a Najeriya a 2014, irin wannan ce: ka sa hoton kayanka da lambarka, mai so ya kira ka, ku daidaita. Kuɗin shigarta daga masu biya a ɗaga tallarsu sama yake zuwa. Haka abin yake a yawancin cinikin da ake yi a Facebook da Instagram a nan gida. A waɗannan wuraren komawa waya ba laifi ba ne, hanyar ke nan, sai dai ka sani babu mai tsaya maka. Akwai kuma kasuwar da kuɗi ke bi ta hannunta: ita ke karɓa daga mai saye, ta riƙe, ta ba ka daga baya, ta cire la'adarta. Fiverr, Upwork, eBay, Etsy da Jumia suna nan. A kan irin wannan ne maganar zagayewa take da nauyi, don duk wanda ya buɗe asusu ya danna cewa ya yarda da ƙa'idojinsu, ko ya karanta ko bai karanta ba.

Abin da la'adar ke saya maka

Mu ɗauki kara, kamar ta Wudil ko Maigatari. Dillali ya san mai sa, ya san mai nema, ya haɗa su, ya tsaya shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce. In bayan ya gama wannan wahalar mutanen biyu suka zaga bayan rumfa suka ƙulla don su hana shi la'adarsa, kowa a kasuwar ya san sunan abin da suka yi, kuma gobe ba mai kawo musu ciniki. In kuma rigima ta taso daga baya, ba su da wanda zai ce a gabansa aka yi. Manhajar da ta kawo maka mai saye daga Landan ko Legas, mutumin da da ba za ka taɓa haɗuwa da shi ba, aikin dillalin nan ta yi.

Na sha jin ana cewa ai kamfanin waje ne, kuɗinsa sun yi masa yawa, ba zai ji ba. Ni dai ban ga inda arzikin wanda ka yi wa alkawari yake sauke maka alkawarin ba. Kana da ikon ka ga la'ada ta yi tsada, ka yi ƙorafi, ka tattara kayanka ka bar kasuwar. Abin da bai dace ba shi ne ka ci moriyar haɗin, sannan ka sulale lokacin biya. Ɗan kasuwar da ya saba wa kansa da wannan, a hankali zai fara ganin sauran alkawuran ma ba su da nauyi.

Ko an ajiye batun mutunci, lissafin ma bai goyi bayan zagayewa ba. A Fiverr mai saye yana biya tun kafin ka fara aiki, kuɗin suna ajiye. In ka miƙa aiki ya yi shiru har kwana 3, odar tana rufe kanta a matsayin wadda aka kammala. A Upwork, aikin da aka yanke wa farashi ana raba shi mataki-mataki, ana ajiye kuɗin kowane mataki kafin ka taɓa shi. A eBay, mai saye yana da hanyar karɓar kuɗinsa in kaya bai zo ba ko ya saɓa da abin da aka siffanta, mai sayarwa kuma yana kare kansa da lambar bin sawun kaya. Duk wannan kariyar tana aiki ne a kan cinikin da aka rubuta a cikin manhajar. Ranar da kuka fita, in ka dawo da kuka, amsar da za ka samu ita ce ba su da labarin wannan cinikin. Sau da yawa ma kukan naka shi ne zai tona maka asiri.

Sai hukunci. Waɗannan kamfanoni suna da na'urar da ke duba saƙonni, tana kama lambar waya, adireshin imel da sunayen hanyoyin biyan kuɗi. Dabarun da ake koya wa juna, irin su rubuta lamba da kalmomi ko ɓoye ta cikin hoto, sun daɗe da saninsu. A Upwork haramun ne ma ku yi musayar lamba kafin a ƙulla kwangila. eBay tana iya cajin ka la'adar ko da a waje aka ƙarasa cinikin. Fiverr in ta rufe asusu, kuɗin da ke ciki sukan zauna kwana 90 kafin a waiwaye su. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne taurari da yabon da ka tara shekara da shekaru. Su ne ke sa baƙo ya yarda da kai ba tare da ya san ka ba, kuma ba a ɗaukar su a kai wata kasuwa. Da yake yanzu ana tantance mutum da katin shaida da hoton fuska, buɗe sabon asusu bayan kora ba abu ne mai sauƙi ba.

Wa ke fara cewa a fita?

Ba duk mai neman a koma waya ne ɗan damfara ba. Akwai mai son ragi kawai, akwai wanda bai san ƙa'ida ba. Amma kusan kowane ɗan damfara da wannan buƙatar yake farawa, saboda a cikin manhaja hannunsa a ɗaure yake. Shi ya sa in baƙon da ba ku taɓa ciniki ba ya matsa tun a saƙon farko ko na biyu, bai yi tayi ba, bai tambayi ingancin kaya ba, kuma sauri yake yi kamar zai tashi sama, to ka ja birki.

Damfarar da ta yi yawa a nan gida ita ce ta alat na bogi. Saƙo zai shigo wayarka da sunan bankinka a sama, da adadin kuɗin, da sunan mai turowa, har da ragowar da ke asusunka. Ga kuma hoton rasidi ya biyo baya ta WhatsApp mai ɗauke da alamar an yi nasara. Ɗan aike yana tsaye a bakin shago da babur a kunne, mai sayen kuma yana ta kira: "Alhaji, ai ka ga alat, don Allah sallami yaron nan, mota za ta tashi." In ka ce ba ka ga kuɗi ba, sai a ce matsalar netwok ce. Maganin ɗaya ne, kuma ba ya canzawa ko wane ne mai sayen: ka buɗe manhajar bankinka da hannunka, ko ka danna lambar duba asusu, ka ga kuɗin sun hau. Saƙon tes ba shaida ba ne, hoton rasidi ma haka. In kuɗin suna hanya, kaya ma su jira.

Akwai ta "na yi kuskure". Kaya na naira 115,000, sai a nuna maka an turo 150,000, a roƙe ka ka maido da 35,000 ta wani asusun daban. Kuɗin farko ko dai ba su taɓa shigowa ba, ko kuma na sata ne da za a bi sawunsu. Naka da ka tura kuwa na gaske ne, sun tafi. Masu hulɗa da ƙasashen waje kuma sukan samu imel mai kama da na PayPal ko na wata hanyar biya, yana cewa kuɗinka suna riƙe har sai ka turo shaidar aika kaya ko ka biya wani kuɗin buɗe asusu. Wani kuma zai biya da katin sata, ka aika kaya, bayan makonni mai katin ya kai ƙara bankinsa a janye kuɗin.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce mai ƙafa uku, domin a cikinta kuɗin gaske ne ke shiga asusunka. Ɗan damfara ya kwafi hoton kayanka ya yi talla da shi a wani wuri, ya samu mai saye, ya ba shi lambar asusunka a matsayin nasa. Wancan bawan Allah ya biya. Kai ka ga kuɗi sun shigo daidai, ka miƙa wa ɗan damfarar kaya. Bayan kwana biyu wanda ya biya bai ga komai ba, ya kai ƙara, kuma sunan da ke kan rasidinsa naka ne. Asusunka ne za a toshe, kai ne za ka amsa tambayoyi a ofishin 'yan sanda. Don haka ka riƙa duba sunan da kuɗi suka fito daga gare shi. In ya saɓa da na wanda kuke magana, kada ka saki kaya sai ka ji muryar mai asusun, ya faɗa maka da bakinsa abin da ya biya dominsa.

Mai saye ma yana da nasa haɗarin. In mai shago a Jumia ko wata kasuwa ya kira ka ya ce ka soke oda ka turo masa kai tsaye zai rage maka, ka tuna cewa damar maido da kaya da karɓar kuɗinka tana tare da odar da ka soke. Tiransifa a Najeriya nan take take tafiya, kuma dawo da ita bayan an kwashe kuɗin abu ne mai wuya ƙwarai. Ka koma cinikin biri a sama da wanda zai iya toshe lambarka cikin daƙiƙa ɗaya.

Ga mata masu sana'a daga gida, akwai ƙarin abin lura. Lambar da kika bayar don ciniki takan zama hanyar kiran dare da saƙonnin banza. Ki ware layin kasuwanci daban, kada ki ba baƙo kwatancen gidanki, ki sa wani shago ko tashar da aka sani ta zama wurin karɓar kaya.

Yadda ake ƙi ba tare da an ɓata ba

Kada ka yi wa mai tambaya faɗa, kada ka kira shi ɓarawo. Amsa gajera, a cikin manhajar, ta wadatar: "Ranka ya daɗe, na gode da ka yaba da kayana. Ƙa'idar da na shiga da ita ba ta ba ni damar karɓar kuɗi a waje ba, kuma a nan kuɗinka sun fi zama cikin aminci. In ragi kake so, mu duba abin da zan iya yi maka a nan." Ga mace: "Hajiya, ki yi haƙuri mu ƙarasa a nan, in kayan bai yi miki ba kina da inda za ki kai ƙara." Mutumin kirki yakan ce ba komai, a ci gaba. Mai mugun nufi yakan ɓace, ko ya ƙara matsawa. Wannan amsar kuma ta zama shaida gare ka in kamfanin ya duba saƙonninku. In shi ya rubuto lambarsa, kada ka maimaita ta, kada ka ce za ka kira. Wanda ya zo da alamun damfara ƙarara, ka danna maɓallin kai rahoto saboda na bayanka.

Ladabin yana da wani ɓangaren da ake yawan mantawa. Lamba da adireshin da aka ba ka don ka kai kaya amana ce ta wannan aiken kaɗai. Ɗaukarta ka jefa mutum cikin zauren tallarka na WhatsApp ba da izininsa ba rashin kyautawa ne, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta hana amfani da bayanan mutum a kan abin da ba don shi ya bayar ba. Batun saka kati mai ɗauke da lambarka cikin kunshin kaya kuwa, ƙa'ida ta bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, sai ka karanta ta inda kake.

To yaya za a rage zafin la'adar ta hanyar da ta dace? Na farko, ka sa ta cikin farashi, kuma ka yi lissafin daidai. Mutane da yawa in suna son dala 100 ta zo hannunsu a inda ake cire kashi 20, sai su ce 120. Kashi 20 na 120 shi ne 24, saura 96. Farashin da ya dace shi ne 125. Ka raba abin da kake so da 0.8, in la'adar kashi 10 ce, da 0.9. Wannan ɗan gyaran kaɗai yakan kashe rabin kwaɗayin zagayewa.

Sannan ka gina taka hanyar a gefe. Kwastoman da ya same ka a shagonka na Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi, ko ta shafinka na Instagram, ko wani ya turo maka shi, naka ne, ba wanda ke bin ka la'ada a kansa. Upwork ma ta amince cewa ƙa'idarta ba ta hau kan wanda kuka riga kuka yi hulɗa kafin ku haɗu a can ba. Wanda ita ta haɗa ku kuwa, sharaɗin shi ne ku biya ta hannunta na shekara 2, ko kuma a biya ta kuɗin sallama a fita ta ƙofa. In kamfani ya ji daɗin aikinka har yana son ya ɗauke ka dindindin, ka gaya masa wannan hanyar. Mai son ka da gaske zai biya.

In ciniki ya zama na ku biyu

Ko a Jiji kuka haɗu, ko kun fita ta halal, yanzu aikin da manhaja take yi ya dawo kanka. Ku rubuta abin da kuka yi yarjejeniya a kai: irin kaya, adadi, farashi, ranar kaiwa, wa zai biya kuɗin mota, da abin da za a yi in kaya ya lalace a hanya. Saƙon rubutu ya fi na murya amfani ranar gardama. In aikin hannu ne ko na kwamfuta, ka karɓi kafin alƙalami, ka raba sauran kashi-kashi, kada ka miƙa cikakken aiki sai an cika. Da sabon mutum a fara da ƙaramar oda. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwancinsa da hukumar CAC ya buɗe asusu da wannan sunan ya fi saurin samun yarda.

Lokacin ɗaure kaya ka ɗauki bidiyo tun daga buɗe su har rufe kwali. In ta kamfanin aike ne, ka riƙe rasidi. In a tasha za ka sa a mota, ka bi ta hannun 'yan kamasho da aka sani, ka ɗauki hoton lambar motar, ka karɓi lambar direba, ka tura wa mai kayan nan take.

Cinikin hannu da hannu kuma a yi shi da rana, a wurin jama'a, ka tafi da wani. In waya ce za ka saya, ka danna *#06# lambar IMEI ta fito, ka gwada da ta jikin kwali. Ka sa mai ita ya cire asusunsa na iCloud ko na Google a gabanka, ka sa layinka ka yi kira, ka gwada caji da kyamara. Ya rubuta maka takarda da sunansa da sa hannunsa, ka ɗauki hoton katin shaidarsa. Wayar sata ana bin sawunta, kuma wanda aka samu da ita a hannu shi ake fara kamawa. Mai gaskiya ba ya ƙin waɗannan abubuwan. Lambar sirrin da banki ke turowa, da lambar katinka, da BVN, ba su da wani aiki a wajen karɓar kuɗi. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu don wai ya biya ka, asusunka yake nema.

In kuma ƙaddara ta riga fata, kada kunya ta sa ka yi shiru, domin mintunan farko su ne masu tsada. Ka kira bankinka nan take ka ce damfara ce, ka ba su lambar shaidar tiransifar da ke jikin rasidi, ka nemi su tuntuɓi bankin da kuɗin suka shiga. Ka bi da takardar ƙorafi a rubuce. Ka adana hotunan saƙonni kafin a goge su, ka kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. In bankin bai kula ka ba, CBN tana da sashen kare masu hulɗa da bankuna. Sannan ka kiyayi waɗanda za su biyo baya suna cewa za su ƙwato maka kuɗinka in ka biya su wani abu, yawancinsu kashi na biyu ne na damfarar.

Ɗan'uwa mai sayarwa, kada ka jira sai saƙon ya shigo kana tsakiyar ciniki sannan ka fara tunani. Yau ka buɗe ƙa'idojin kasuwar da kake ciki, ka nemo sashen da ya yi magana a kan biya a waje, ka karanta shi, in Turancin ya yi nauyi ka sa wani ya fassara maka. Ka sake lissafin farashinka da la'ada a ciki, ka rubuta amsar ƙin nan ka ajiye a wayarka.